Guzurin hutu a jirgin ruwan haya: da ruwan sha ake fara lissafi

A garin Gocek da ke gabar Bahar Rum a kudu maso yammacin Turkiyya, ranar Asabar ce ranar hada-hada. Yawancin kamfanonin da ke ba da hayar ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska daga Asabar zuwa Asabar suke ƙulla yarjejeniya, saboda haka baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Dalaman 'yan sa'o'i kaɗan gare shi ya haɗa abincin mako guda. Duk hadimin da maigidansa ya ɗora wa wannan aiki, ya sani cewa abin da ya manta a tasha ba lalle ya same shi a tsakiyar teku ba.

Kuskuren farko shi ne a fara lissafi da nama. Da ruwa ake farawa. Tankin jirgi na wanka ne da wanke-wanke, ba kasafai ake shan ruwansa ba, don ba a san tsawon lokacin da ya yi a ciki ba. A zafin Yuli da Agusta, masu harkar kan ware wa kowane mutum kimanin lita 3 a rana. Mutum shida da matuƙi ɗaya na kwana 7 ke nan lita 147, wato kusan jarka 30 mai cin lita 5. A kuma tuna cewa a al'adar wannan haya, ciyar da matuƙi yana wuyan wanda ya ɗauki jirgin.

Abu na biyu shi ne firji. Ƙarami ne, da batir yake aiki, batirin kuma sai inji ya tashi ko an jona wuta a tasha yake cika. Don haka ɗanyen nama da kifi na kwana biyun farko ne. Daga nan sai a koma kan shinkafa, taliya, ƙwai, wake da kifin gwangwani, waɗanda ba sa neman sanyi sosai. Albasa, dankali, kabeji da lemo suna jurewa, amma a raba ayaba da sauran kayan marmari, domin iskar da take fitarwa tana saurin nunar da na kusa da ita. Kwalayen kanti kuwa a bar su a tasha, domin a cikinsu kyankyasai ke ɓuya su shiga jirgi.

Akwai batun halal. Kamfanoni kan aiko da jerin kayan abinci a zaɓa tun kafin tafiya, kuma giya kan zo a cikin jerin. A Girka da Kuroshiya har da naman alade. Wajibi ne a bi shi layi-layi a soke. A Turkiyya lamarin nama ya fi sauƙi. Mai niyyar tafiya da kilishi zuwa Girka ko Kuroshiya ya haƙura, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga ƙasashe irin Najeriya.

A ranar farko, lokacin da jiri da tashin zuciya suka fi kama baƙin teku, babu mai son tsayawa gaban murhu. A tanadi burodi, busasshen biskit da shayin citta, a ajiye girki mai maiƙo sai an jefa anga da yamma.

Ba dole ba ne a cika jirgi maƙil. A lokacin zafi, kwale-kwalen masu talla kan kewaya lungunan tekun Gocek da burodi da kayan lambu, kuma kasuwar Fethiye tana ci ranar Talata. Sai dai farashin kan ruwa ya fi na tudu, kuma iska na iya hana jirgi isa inda aka nufa. Shi ya sa ƙwararrun matuƙa ke ajiye abincin kwana biyu da ba a taɓawa sai ta ɓaci. Tun ranar gini ake yin zane.