Jam'iyyun Talakawa da Lafiyar Dimokuraɗiyya: Abin da Kudancin Kano Ya Gani

Ranar 26 ga Oktoba, 2024, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a jihar Kano. NNPP ta cinye kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba, har da na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. A Janairun 2021, lokacin gwamnatin Ganduje, APC ce ta share duka 44 ɗin. Jam'iyyar ce kawai ta canza. Kuma kowacce cikinsu tana rantsuwa cewa don talaka take yi.

Ba yau Kano ta fara siyasar magana da yawun talaka ba. Ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa NEPU, ta fito fili ta ce rigimar ƙasar nan tsakanin talakawa ce da masu riƙe da mulkin En'e. Alherin da ta yi ba ya misaltuwa. Manomin da bai isa ya ɗaga ido gaban hakimi ba, ita ta koya masa cewa yana da hakkin tambaya. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai, Gambo Sawaba ta yi ta shiga gidan yari tana fita, tun mata a Arewa ba su da ƙuri'a. Da PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci. Dattawan Ƙafin Maiyaki da suka biya haraji da guminsu, da Fulanin da ke kiwo a gefen dajin Falgore, ba sa buƙatar wani ya yi musu bayanin darajar wannan.

Amma a duba abin da ya biyo baya. Kafin shekara biyu PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare na cewa shi ne na talaka na gaskiya, ɗayan maci amana. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna ta tsige gwamnan PRP Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli na shekarar, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, birnin Kano ya kama da wuta, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Jam'iyyar da ta ƙware wajen fuskantar masu mulki ba ta tanadi hanyar sasanta 'ya'yanta ba.

A ganina nan ne ciwon yake. Idan jam'iyya ta ce ita ce talakawa, to duk wanda ya saɓa mata ya zama maƙiyin talakawa, ko da kuwa shi ma talakan ne. Majalisa da kotu da hukumar zaɓe sai su koma abin da ke jawo jinkiri, ana neman hanyar tsallake su. Jam'iyya kuma ta dunƙule ta zama mutum ɗaya. Haka Ajantina ta gani da Peron, haka Benezuwela ta gani da Chavez bayan zaɓen 1998: aka jawo talaka cikin siyasa, aka kuma raunana hukumomin da za su kare shi ranar da jagoran ya kauce.

Kwankwasiyya ta gaji kyan wannan tafiya da muninta. Babu mai musun ɗaliban da aka tura karatu ƙasashen waje, ko jami'ar Wudil, ko Northwest da aka kafa a 2012. Ɗan talaka da ya zama likita ta wannan hanya, jar hularsa ba ta banza ba ce. Sai dai jama'ar suna bin jagora ne daga PDP zuwa APC, su koma PDP, su shiga NNPP, ba tare da wani taron mazaɓa ya zauna ya yanke shawarar ba. Abokan hamayyarsu ma haka suke yi, kuma ba su da abin da za su gorantar. A mazaɓar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin Kofa ya ci zaɓe a PDP a 2011, a APC a 2015, a NNPP a 2023. Mai jefa ƙuri'a a Ƙafin Maiyaki, wace manufa zai riƙe ya tambayi wakilinsa a kai?

Inda aka ɗauki ɗaya ɓangaren a matsayin abokin gaba, jini ba ya nisa. A zaɓen Fabrairun 2023 an ƙona ofishin NNPP a Tudun Wada, an rasa rayuka, sai a watan Afrilu aka kammala zaɓen mazaɓar Doguwa da Tudun Wada. Waɗanda suka mutu talakawa ne, irin waɗanda ake siyasar da sunansu.

Batun masarautu ya fi komai nuna yadda ake yi da hukumomi. Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu, Sabo Bakin Zuwo ya rushe su a 1983. A watan Mayun 2019 majalisar jiha, cikin 'yan kwanaki, ta zartar da dokar da ta kafa Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, aka sa Bebeji da Tudun Wada da Doguwa a ƙarƙashin Rano. A watan Mayun 2024 wata majalisar ta soke dokar da irin wannan gaggawar. Da aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ƙananan hukumomin nan uku ba sa ciki, sun koma Kano. Cikin shekara biyar an sauya wa manoman masarar Doguwa da masuntan Tiga sarki sau biyu, kuma a duka biyun babu wanda ya kira su ƙuri'ar jin ra'ayi.