Uku Ga Afrilu Ko Huɗu Ga Maris?

Idan akawu a Kaduna ya rubuta 03/04/2025, uku ga Afrilu yake nufi. Takwaransa na Amurka kuwa huɗu ga Maris zai karanta, domin su da wata suke farawa. Wannan saɓani ya isa ya sa ɗalibi mai neman gurbin karatu a can ya makara.

Maganin irin wannan ruɗani ne ya sa aka fito da ƙa'idar duniya ta ISO 8601 a 1988, wadda HTML, harshen gina shafukan intanet, ya bi sawunta: shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, watau 2025-04-03. Ƙarfe biyu na rana a Nijeriya kuwa 14:00+01:00 ne, saboda agogon ƙasar yana gaban agogon GMT da awa guda. Da haka kwamfuta ba ta ɗaukar rana a matsayin wata.