Tarihin Duniya Ya Bi Ta Tashar Kafanchan

Yawancin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal waɗanda suka manyanta sun san Kafanchan tun zamanin da jirgin ƙasa ke tashe. Nan ne mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Amma yaron da ke karatun sakandare a garin, ko a Kagoro, ko Kwoi, ko Zonkwa, in aka ce masa tarihin duniya, sai hankalinsa ya tafi Jamus da Rasha, ya ɗauka labarin waɗansu mutane ne can nesa wanda ake haddacewa don jarrabawa. Alhali kuwa rabin abin da ke cikin littafin nasa ya bi ta ƙofar gidansu.

A ɗauki ita tashar kanta. Darasin farko da akan koyar shi ne bunƙasar masana'antu a Ingila, da yadda Turawa suka taru a Balin a 1884 zuwa 1885 suka shirya rabon Afirka. Yaro yakan rubuta wannan tsaf, ya ci maki, bai san abin da ya haifi garinsu ke nan ba. An sami kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, ga kuma kuza a Jos, to, sai Turawa suka bukaci hanyar fitar da su bakin teku. Dalilin kafa Fatakwal ke nan, aka sa mata sunan Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila a lokacin. Layin dogo ya kai Inugu a 1916, sa'an nan aikin ya tsaya cik saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye kuɗi da ƙarfe. Sai a 1927 aka gama haɗa shi ta Kafanchan, ita kuwa gadar Makurɗi ba a buɗe ta ba sai 1932. Watau ke nan harbin da aka yi wa yariman Ostiriya a Sarayebo a 1914 yana cikin abubuwan da suka jinkirtar da zuwan jirgi Kafanchan.

Da jirgi ya zo sai garin ya cika da ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarbawa da sauransu, ga fatake Hausawa, ga mutanen ƙasar da ke kawo amfanin gona. Citta ta Jaba da Kachia ta sami hanyar zuwa kasuwannin Turai. Har fadar Sarkin Jama'a ma ta taso ta dawo Kafanchan a 1933.

Haƙar kuzar nan ma ita ta tono gumakan Nok, na farko a 1928, waɗanda suka sa sunan wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Jaba ya shiga littattafan duniya. Wannan dai tsohon tarihi ne, amma ba don masana'antun Ingila na neman kuzar shafe gwangwani ba, da watakila har yanzu suna binne.

Inda abin ya fi taɓa mutane shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya da Singafo, kuma Malaya ce ke samar da mafi yawan kuzar daular Ingila. Nan da nan sai ido ya koma kan Jos. Gwamnati ta umarci En'e-En'e su kawo lebura ko suna so ko ba sa so, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna, daga 1942 har 1944. An kwaso manoma daga lardunan Arewa aka kai su ramukan kuza cikin sanyin Jos, ba isasshen abinci, ba bargon kirki, da yawa suka mutu, waɗansu suka gudu. Ƙasar Jama'a a lokacin tana cikin Lardin Filato ne. Waɗansu samarin kuma soja aka ɗauke su, suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japan a dazuzzukan da ba su taɓa jin sunansu ba. Yaron da ake tambaya a jarrabawa ya faɗi sakamakon yaƙin ga Afirka, mai yiwuwa ne amsar tana rataye a ɗakin kakarsa, tsohuwar lambar yabo ko hoton wani mai kakin soja.

Laifin ba na yaran ba ne kaɗai. Wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zaman jama'a. A babbar sakandare ya zama na ganin dama, yaron da bai taɓa ɗanɗana shi a ƙasa ba kuwa da wuya ya zaɓe shi a sama. Da ɗalibai suka ragu sai malamai suka ragu, waɗanda suka karanta tarihi a kwalejin horon malamai ta Gidan Waya da jami'ar Zariya suka koma koyar da wani abu dabam. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da komowarsa, amma sanarwa ba ta haifar da malami rana ɗaya.

Iyaye ma suna da nasu kason. Mutum yana Agege ko Sabo ko Shagamu yana fama da nema, ya tura yaro gida karatu, in ya yi waya abin da zai tambaya shi ne lissafi da kimiyya, don yana son likita ko injiniya. Ba wanda zai ga laifinsa, kuɗin makaranta ba daga sama suke faɗowa ba. Sai dai yaron da ya iya bin sawun kuza daga Jos zuwa Fatakwal zuwa Libaful, shi ne zai gane abin da ya sa kuɗin citta ke hawa da sauka, da abin da ya sa ubansa ya baro gida ya taho Kudu.

Malamin da ke da himma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Tashar tana nan a tsakiyar gari, da tsofaffin gidajen ma'aikata, kuma akwai dattawan reluwe masu fansho da za su iya ba aji labarin zamanin jirgi mai kwal. 'Yan Bama kuwa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saura 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu, su ma yanzu furfura ta kama su.