Yadda rigimar wa da ƙani ta haifi Adidas da Puma

Masu sayen takalman wasanni da yawa ba su san cewa Adidas da Puma daga gida ɗaya suka fito ba. A 1924 ne Rudolf Dassler da ƙanensa Adolf suka buɗe masana'antar takalma a Herzogenaurach, wani ƙaramin gari a Jamus. Sunansu ya ɗaukaka a 1936, lokacin da ɗan tseren Amurka Jesse Owens ya ci lambobin zinare huɗu a gasar Olamfik ta Berlin da takalminsu a ƙafa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zumunci ya lalace, suka raba gari a 1948. Rudolf ya kafa Puma, Adolf kuma ya yi wa Adidas rajista a 1949. Kogin Aurach ya raba masana'antun biyu, garin ma ya dare gida biyu, har ana cewa mutum kan kalli takalmin wanda ya tarar kafin ya gaishe shi. Da 'yan'uwan biyu suka rasu, nesa da juna aka binne su a maƙabarta ɗaya.

Kamfanonin biyu suna ta wannan gaba sai Nike ta Amurka ta kutso, musamman bayan ta ƙulla yarjejeniya da ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan a 1984. Yau ita ce kan gaba a duniya. A 2024 ma hukumar ƙwallon ƙafa ta Jamus ta sanar cewa daga 2027 tawagar ƙasar za ta bar Adidas ta koma sanya kayan Nike.