Tabarmar Ƙafa a Tsohuwar Jif: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Shiga Kasuwa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar jif, ko ta gida ce da Baba ke ba shi lokacin hutu, ko ta kamfanin da ya yi SIWES, ya san kayan injinta sun fi sauƙin samu a kan 'yan tarkacen cikinta. Ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, nan da nan za a fito maka da fistin da ringi na Land Cruiser ƙirar 1995. Amma ka ce tabarmar ƙafa kake nema, wadda 'yan kasuwa ke kira futmat ko kafet, sai a miƙo maka wata cikin leda a ce, "Yallaɓai, wannan kowace mota tana hawa." To, a nan gizo ke saƙar, domin tabarmar da aka yi don kowace mota da wuya ta zauna daidai a ko ɗaya.

Maganar ta wuce kwalliya

Ranar 28 ga Agusta, 2009, kusa da birnin San Diego a Amurka, wata Lexus ES 350 ta ƙwace wa direbanta, ta yi ta gudu har ta yi hatsari, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu. Direban kuwa ba ɗan koyo ba ne, jami'in 'yan sandan babbar hanya ne. Bincike ya nuna an shimfiɗa wa motar tabarmar roba ta wata mota daban, Lexus RX, wadda ta fi tata tsawo, kuma ba a maƙale ta ba. Ita ce ta danne totur. Bayan wata guda kamfanin Toyota ya gargaɗi masu motoci kimanin miliyan 3.8 a Amurka da su cire tabarmar gefen direba.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Kullum dunduniyar direba tana tura tabarma gaba kaɗan-kaɗan. Ran da ya taka totur har ƙasa, misali zai wuce tirela, sai bakin fedar ya shige ƙarƙashin leɓen tabarmar ya kasa dawowa. Wani lokaci kuma tabarmar ce ke nannaɗewa a bayan birki ko kuloci, ka taka su ƙi kai wa ƙarshe. Jif ta fi shiga wannan haɗari, tunda gargada da gangara su ne hanyarta.

Fara da sanin ainihin motarka

"Land Cruiser" ko "Pajero" kawai bai isa bayani ba. Land Cruiser mai lamba 80 an yi ta daga 1990 zuwa 1997, mai lamba 100 kuma daga 1998 zuwa 2007, kuma daɓensu ba iri ɗaya ba ne. Duba farantin da ke jikin ƙofar direba ko cikin bonet, za ka ga lambar ƙira irin su FZJ80 ko HDJ80. Idan motar daga Amurka ta zo, lambar shasinta harafi 17 ce, kuma na goma shi ke faɗin shekara: S na nufin 1995, T 1996, V 1997, W 1998.

Bayan shekara, akwai abubuwa huɗu da ke canza siffar daɓe. Na farko, gefen sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, don haka motocinmu sitiyarinsu na hagu, tabarmar da aka yi wa motar Japan ko Ingila ba za ta zauna ba. Idan ma motar juyayyiya ce, wato an mayar da sitiyarinta daga dama zuwa hagu, to babu tabarmar kamfani da za ka amince da ita ba ka gwada ba. Na biyu, giya: mai manuwal tana da feda uku, mai otomatik biyu. Na uku, tsawon mota: Pajero mai ƙofa uku da mai ƙofa biyar sun bambanta a baya. Na huɗu, ƙaramar sandar giyar nan ta fowil, wadda ke sa tudun tsakiyar jif ya fi na ƙananan motoci faɗi.

Ga wata dabara da ke faɗaɗa maka kasuwa: motocin nan suna da tagwaye. Lexus LX 450 ita ce Land Cruiser 80 da aka yi wa ado, LX 470 kuma ita ce 100. Pajero ce ake kira Montero a Amurka, Shogun a Ingila. 4Runner ta wancan zamani ita ce Hilux Surf a Japan. Idan mai shago ya ce babu, sake tambayarsa da ɗayan sunan, amma ka tuna da maganar gefen sitiyari.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce 'yar Beljiyam, wadda aka ciro daga irin motarka da aka farke. Ita ta fi zama daidai, amma ka lanƙwasa ta ka gani. Robar da ta shekara ashirin tana shan zafi takan bushe, kana lanƙwasawa za ka ga tsaga. Ka duba wurin dunduniya ko ya huje, da ramukan maƙalawa ko sun yage.

Ta biyu ita ce sabuwar ta leda. Idan ita za ka saya, zaɓi mai layukan yanka a jiki da ƙurajen riƙo a bayanta, kuma ka tafi da motar ko da awonta.

Ta uku, wadda sau da yawa ta fi dacewa da tsohuwar mota, ita ce a yanka maka. Samo babban kwali, ka tura kujera baya, ka shimfiɗa shi, ka bi lungunan daɓen da biro kana datsewa da almakashi har ya kwanta lif. Rubuta "sama" a jikinsa, don mai yanka kada ya kifa shi ya fitar maka da ta ɗaya gefen. Sai ka kai wa masu ɗinkin kujerun mota su fitar a roba mai ɗan kauri.

Ko wacce ka zaɓa, gwajin ɗaya ne. Mota a kashe, ka danna totur da birki da kuloci ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ka tabbata akwai tazarar yatsu biyu tsakanin feda da bakin tabarma. Idan motar na da ƙugiyar maƙalawa, a huda tabarmar daidai da ita. Idan babu, kada ka bari a huda daɓe da ka, domin bututun mai da na birki da wayoyi suna bi ta ƙarƙashi, sai an leƙa tukuna. Kuma kada ka taɓa ɗora tabarma a kan tabarma a gefen direba.

Ruwa da tsatsa

Roba tana tare laka, amma tana ɓoye danshi. Jif ta tsallaka rafi da damina, ruwa ya shiga, soson da ke ƙarƙashin kafet ya sha, roba ta rufe shi ruf. Shekara biyu, uku, sai daɓe ya fara cin tsatsa, kuma hujin da ke daɓe ƙofa ce ga hayaƙin salansa. Saboda haka bayan kowace tafiyar ruwa a ɗaga tabarmi a shanya, a bar ƙofofi a buɗe. In ka ga tsatsa tun wurin awo, fara kai wa mai walda kafin ka rufe ta da sabuwar roba.

Idan totur ya maƙale kana tafiya

Taka birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka riƙa ɗagawa kana sakewa, domin a motar fetur hakan na ƙarar da iskar da ke taimaka wa birki. Mayar da giya firi, ko ka taka kuloci. Injin zai yi ihu, ƙyale shi. Gangara gefe ka tsaya, sannan ka kashe. Kada ka murɗa makulli har ƙarshe mota na tafiya, sitiyari na iya kullewa.

'Yan Mechanical da masu neman abin yi a darasin EED, ga kasuwa a fili. Tsofaffin jif sun cika gari, kamfanoni kuma sun daɗe da juya musu baya. Wanda ya tara kwalayen awo na mota biyar ko shida, kowanne da lambar ƙirarsa a rubuce, zai iya yanka wa kwastoma tabarma ko motar ba ta zo ba. Jarin bai wuce kwali da tef da wuƙa mai kaifi da bandir ɗin roba ba.