Matsalar Laushin Birki Bayan Mayar da Birkin Baya na Ganga Zuwa na Faifai

A wannan maƙala za mu duba dalilin da ya sa fedar birki kan yi laushi bayan an cire wa a-kori-kura birkin ganga na baya an sa na faifai.

Da farko, a toshe mafitar mai ta masta a taka. In fedar ta yi tauri, laifin yana can wajen ƙafafu. Sau da yawa makaniki kan ɗaura kalifar dama a hagu, sai sukurun fitar da iska ya koma ƙasa. Ita kuwa iska sama take taruwa. Ko an wuni ana bilidin ba za ta fita ba. A ganinmu, nan ya kamata a fara nema.

Abin lura kuma shi ne, fistin ɗin kalifa ya fi silindar ganga faɗi, saboda haka ya fi ta cin mai. Tsohuwar masta ba lalle ta iya ciyar da shi ba, sai fedar ta yi nisa kafin birki ya kama. Maganinsa masta mai faɗin baki, ko da yake takawa za ta ƙara nauyi.

Kalifar da ke haɗe da hambirki, irin ta Cadillac Eldorado, sai an yi ta jan hannunta tukuna fistin zai matso kusa da faifai.