Hanyar Dutse ta Sukur

Mu da muka tashi a ƙasar rairayi, ba kasafai mukan san wuyar hawan dutse ba. Wanda duk ke so ya sani, sai ya nufi Sukur, wani ɗan ƙauye bisa duwatsun Mandara, a ƙasar Madagali ta Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Tudunsa ya ɗara ƙafa 3,000. Da sassafe akan kama hawa, tun rana ba ta yi zafi ba, da sanda da gorar ruwa.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne hanyar kanta, gama an shimfiɗe ta da faffaɗan duwatsu tun daga gindin tudun har kusa da gidan sarkinsu, wanda su ke kira Hidi. In ka tambayi tsofaffin garin wa ya yi wannan aiki, sai su ce waɗansu ƙatti biyu ne, Fula da Deve, waɗanda aka ce sun gina gidan Hidi cikin dare guda.

To, mu 'yan makaranta mun cika saurin yin dariya ga irin wannan labari. Amma ya kamata mu tsaya mu duba. Mutanen Sukur dā mashahuran masu narka ƙarfe ne. Sukan tara baƙin yashin tama a ƙoramu bayan ruwan sama, su narka, fatake su kwasa har Barno. Garin da ke da ciniki haka ba ya rasa bukatar hanya mai jimre wa damina, kuma ba mai iya shimfiɗa ta sai jama'a sun haɗa hannu. Watau ƙattin nan, a ganinmu, kakanninsu ne, aikinsu ya yi girma har jikoki suka kasa yarda ɗan Adam ne ya yi shi.

Narkar ƙarfen ta mutu wajen 1960, amma hanyar ta wanzu, har a 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, na fari a Nijeriya.

Saboda haka in aka tura ɗayanmu koyarwa a ƙauye, kada ya raina tatsuniyar mutanensa. Ya saurara tukuna, sa'an nan ya taka da ƙafarsa ya ga abin da ta ke nunawa.